Na Gyara wa Ummi Turanci

Zuwa ga Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ki gaishe ta da kyau, ki ce surukinta yana yi mata sannu. Yaya gajiyar jinya? Na san halinki, ko ƙafafunki sun kumbura ba za ki faɗa ba. Don Allah ki bar ƙannenki su riƙa karɓarki.

Maƙwabcinmu mai gyaran waya zai zo gida ganin iyayensa, shi na ba wannan takarda tare da man zafin da kika ce da safa masu kauri.

Mu nan lafiya ƙalau, sai kewa. Furenki na bakin taga bai mutu ba tukuna, amma ba zan rantse a kan na kusa da firji ba. Injin wanki ya koma kukan nan nasa, na cusa masa kwali a ƙarƙashi ya yi shiru. Ummi ke girki, ni wanke-wanke, don ranar da na gwada girkin sai da ƙararrawar hayaƙi ta tara mana maƙwabta.

Kin san makarantar koyon aikin jinya da Ummi ta ƙwallafa rai a kai. Mutum kaɗan makarantarsu take turawa kowace shekara, kuma kowa sai ya rubuta shafi biyu a kan abin da ya sa yake son aikin. Ita ta rubuta a kan tsohuwar nan ta saman bene da ta faɗi a matattakala bara. Ranar Asabar za ta fita wurin aikinta na kantin burodi, sai ta bar mini kwamfuta a buɗe a teburin falo. Ta ce in duba mata ko akwai harafin da ya kauce, in babu in danna in tura, don ranar ake rufe karɓa.

Da na karanta, tausayin yarinyar ya kama ni. Labarin da daɗi, amma Turancin tsirara yake. Jimloli guntu-guntu kamar na 'yar firamare. Har da fara jimla da “amma”, abin da na yi shekara da shekaru ina zana wa ɗalibai jan biro a kai lokacin da nake koyar da Turanci a gida, kafin mu zo ƙasar Turawa. Gaskiya ne haihuwar nan ce, Turanci ya fi Hausa zama a bakinta, amma magana daban, rubutu daban. Sai na ɗan sa hannu na gyara mata 'yan wurare, na tura. Ban gaya mata ba, kin san ta da “ni zan yi da kaina”. In sakamako ya fito sai in faɗa mata mu yi dariya.

A ofis ba abin da ya canja. Ina nan ina amsa ƙorafin mutanen da kayansu suka makara ko suka fashe a hanya. Har yanzu Alƙali suke kirana saboda yadda nake tsara amsa. Shekaranjiya abokin teburina ya miƙe tsaye, ya dafa ƙirji, ya karanta wata amsata da ƙarfi, kowa ya yi ta dariya da tafi. Na ce musu ba laifina ba ne in baƙo ya fi masu gida iya harshensu.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Ummi tana gaishe ki da Inna.

Ni ne naki,
Baban Ummi

*

Zuwa ga Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jikin Inna da naki. Na ji daɗi da kika ce ta fara zama da kanta. Allah ya cika mana da alheri.

Kin ji muryata wani iri a waya, kika tambaya, na ce mura ce. Ba mura ba ce. Inna tana kusa da ke, kuma ko da ba ta nan bakina ba zai iya ba. Shi ya sa na koma ga takarda. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Bayan waccan wasiƙar da 'yan kwanaki Ummi ta canja. Ta daina zama cin abinci da ni. Sai ta zuba mini nawa ta rufe, ta shige ɗaki. Na ga idonta a kumbure, na ɗauka kewarki ce, har na sayo mata cakulan ɗin nan da take so. Yana nan a kan firji, ba ta taɓa ba.

Ina ofis malamar Turancin su Ummi ta kira ni. Ta ce akwai zama a kan 'yata, ana buƙatar uwa ko uba. Na ce lafiya? Ta ce kwamitin da ke zaɓen ɗalibai yana zargin takardar da Ummi ta tura ba ita ta rubuta ba, ko dai saya ta yi, ko na'ura ta sa ta rubuta mata. Ta ce sun riga sun zauna da ita. Sun miƙa mata takardar ta karanta, ta karanta layin farko ta tsaya. Sun tambaye ta ma'anar wata kalma a ciki, ba ta sani ba. Sun tambaye ta wa ya rubuta, ta ƙi magana. In aka tsaya a haka za a cire sunanta, a kuma rubuta a fayil ɗinta cewa ta yi maguɗi, abin da zai bi ta duk makarantar da ta nema.

Maman Ummi, a waccan wasiƙar na ce miki 'yan wurare na gyara. Ba 'yan wurare ba ne. Tun daga layin farko har na ƙarshe ban bar jimla ɗaya yadda ta ajiye ta ba. Na fara da niyyar taɓa kalma ɗaya, sai hannu ya saki. Har shayi na sake haɗawa don daɗin aikin.

Na dawo gida na same ta a kicin tana yanka albasa. Na ce, “Ummi, me ya sa ba ki gaya musu ni ne ba?” Ba ta juyo ba. Da Hausar nan tata mai ɗingishi ta amsa, kin san ba ta yi mini Hausa sai magana ta yi nauyi. Ta ce, “Baba, wani a cikinsu ya ce wanda ya rubuta wannan ƙamus ya haɗiye. Sauran suka yi murmushi. Ta yaya zan ce babana ne?”

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Yarinya ta zauna gaban manya ana kiranta mai maguɗi, ta haɗiye, don kada a yi wa ubanta dariya. Ni kuwa ina nan ina sayo cakulan.

Ranar zaman na sa kwat ɗina mai ruwan toka. Ɗakin ƙarami ne, da dogon tebur da kujerun roba, an jingine tsofaffin taswirori a bayan ƙofa. Malamar Turanci tana nan, da mataimakin shugaban makaranta, da wani mai gilashi da na gane shi ne mai maganar ƙamus, don ya kasa haɗa ido da ni bayan na yi bayani. Ummi tana gefena ta zuba wa tebur ido. Na ce ni na rubuta, ba ta sani ba, ba ta ma ga abin da aka tura ba sai a hannunsu.

Da na tsaya a nan da na fita da sauran mutuncina. Amma kin san ni. Sai na ji bakina yana cewa ni malamin Turanci ne tun kafin a haifi wasunsu, su nuna mini kuskure ɗaya a takardar. Ummi ta runtse ido.

Malamar ta ce, “Babu kuskure ko ɗaya. Na nema ban samu ba. Da shi ma na fara ganewa.”

Ba da wulaƙanci ta faɗa ba, shi ne ma abin da ya fi ciwo. Ta juyo da takardar ta matso da ita gabana. Ta ce Ummi ta taɓa nuna mata rubutun farko, kuma ba ta manta yadda ya fara ba. Bari in mayar miki da Hausa yadda za ki ji bambancin. Ummi cewa ta yi: “Tsohuwar ta faɗi a matattakala. Na ji tsoro. Na riƙe hannunta har motar asibiti ta zo. Hannun sanyi ƙalau, kuma sai haƙuri take ba ni wai ta ɓata mini lokaci.” Ni kuma na mayar da shi: “A wata rana wadda ba za ta taɓa gushewa daga kundin tunanina ba, na tsinci kaina cikin wani mawuyacin hali da ya wajabta mini nuna jarunta da jinƙai ga wata dattijuwa mai yawan shekaru.” Maganar ba da haƙurin kuwa na goge ta gaba ɗaya, don a ganina ba ta da alaƙa da batun. Malamar ta ce saboda wannan layin ne ta sa sunan Ummi a gaba tun farko.

Ta bi takardar da ɗan yatsa. Ta ce kowane sakin layi na buɗe shi da “bugu da ƙari” ko “har ila yau” ko “a taƙaice dai”, alhali su waɗanda aka haifa cikin harshen sai su ajiye magana kusa da magana su bar mai karatu ya haɗa. Ta ce inda yarinya za ta ce “ina jin” ko “wataƙila”, ni “haƙiƙa” da “babu shakka” na zuba. Ta ce su in abu ya yi nauyi ƙananan kalmomi suke ɗauka, ni kuwa duk inda zuciya ta motsa sai na nemo kalma mai gaɓa huɗu. Ta nuna wasu kalmomi biyu da na haɗa, ta ce kowacce daidai ce a ƙamus, amma ba ta taɓa jin an jera su tare ba. Sannan ta nuna wadda aka tambayi Ummi ta kasa, ta ce rabon da ta ji ta tun a bakin kakanta. Ta ce, “Wanda ya rubuta wannan ya karanta littattafai masu kyau ƙwarai, kuma ya sha wahala kafin ya kai nan. Amma ba 'yar shekara sha bakwai ba ce, kuma bai riƙe hannun matar ba.”

Mataimakin shugaba ya ce in akwai rubutun Ummi na asali a kawo, zai taimaka. Nan ne na ƙarasa mutuwa. A kansa na yi gyaran, na adana. Babu shi. Daga baya na kai kwamfutar wurin masu gyara, sun duba sun ce ya tafi.

'Yan kwamitin dai sun ce in rubuto musu bayani a takarda, za su sake zama. Ni da Ummi muka dawo a bas, kujera ɗaya.

Duk abin da za ki faɗa mini na cancanta. Abu ɗaya nake roƙo, kada Inna ta ji.

Mijinki,
Baban Ummi

*

Zuwa ga Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, Inna kuma tana ƙara samun ƙarfi. Ki gaishe da ƙannenki, ki yi musu godiya a madadina.

Na gode da ba ki yi mini faɗa a waya ba. Da kika ce, “Malam, yarinyar ta ce ka duba, ba ta ce ka rubuta ba,” gaskiya kika faɗa. Na ji kun daɗe kuna magana da ita. Ban tambaye ta abin da kuka ce ba.

Ga yadda aka yi da takardar bayanin. Na zauna na rubuta, na yaga, na sake, na yaga. Duk wadda na gama in na karanta sai in ji kamar lauya yana kare wani mutum da bai taɓa gani ba. Ta ƙarshe ta cika shafi guda, har na kai ƙasa ban ce ni na yi ba. “An samu kuskuren fahimta” na rubuta, da “lamarin ya auku ne sakamakon”. Na daɗe ina kallon “an samu” ɗin nan. Na gane ba ƙa'idar rubutu kaɗai nake bi ba, ɓuya nake yi a bayanta.

Ranar Lahadi da hantsi na ɗauki takardar na ƙwanƙwasa ƙofar Ummi. Na ce, “Ki taimaka ki gyara mini.” Ta dube ni, ta dubi takardar, na ɗauka za ta rufe ƙofa. Sai ta karɓa ta fito falo. Ta ɗauki biro ta fara ja. Ni ina tsaye a kanta kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Ta ja sakin layi na farko dukansa. Na buɗe baki, ta ɗago ido, na rufe. Da ta gama, abin da ya rage shi ne: “Ni na canja takardar 'yata. Ba ta sani ba. Na ɗauka taimakonta nake yi. Ku hukunta ni, kada ku hukunta ta.” Na ce ba a ɗan ƙara ko da gaisuwa? Ta ce, “Baba, sa hannu.” Na sa. Ban taɓa sa hannu a takardar da ta bar ni a fili haka ba.

A ofis kuma, na kasa daurewa na tambayi abokin teburina gaskiyar sunan Alƙali. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce kowa yana ƙaunata, amma shugabarmu ta daɗe tana sassauta amsoshina kafin su fita, don wata mata ta taɓa kira tana kuka, ta ɗauka ƙararta za mu kai alhali haƙuri muke ba ta a kan tukunyar da ta fashe. Ya ce ba wanda ya iya gaya mini saboda yadda nake ji da abin. Kin ga ke nan ma'anar tafin nan da na ba ki labari. Yanzu in na rubuta amsa sai in karanta ta a hankali, in tambayi kaina ko zan iya faɗa wa mutum haka ido da ido. Aikin da nake gamawa kafin azahar yanzu yana kai ni la'asar.

Na tuna wasiƙar da na fara rubuto miki da Turanci kafin aurenmu, da kika ce har kika gama ba ki gane ba ko sonki nake ko sammaci na aiko. Shekarun nan duka na ɗauka zolaya ce.

Ba na cewa malamanmu sun cuce mu. Da Turancin nan na ci jarrabawa, da shi na samu aiki, da shi na ciyar da ku. Abin da ban sani ba shi ne akwai wani ɗaki a cikin harshen da ban taɓa shiga ba, 'yata kuwa a ciki aka haife ta.

Kwamiti bai ba da amsa ba tukuna. Ki sa ta a addu'a.

Naki,
Baban Ummi

*

Zuwa ga Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah mun gode da aka sallami Inna. Ki ce mata ta bi maganar likita, ta bar ɗaukar tulu. Kada ki yi gaggawar dawowa saboda mu, ki bari sai ta miƙe sosai.

Amsa ta zo. Sun janye zargin, ba abin da za a rubuta a fayil ɗinta. Amma gurbin bana ya tafi, an ba wata. Sun ce ta sake nema a zagaye na gaba. Shekara guda ke nan na ci mata, kuma ba yadda zan yi in biya. Babbar ƙawarta ta samu gurbi, Ummi ta raka ta sayen farin takalmin aiki, ta dawo ta ce kanta ke ciwo. Na ji ta a banɗaki ta saki famfo ya daɗe yana zuba.

Malamar ta samo mata aikin sa-kai a gidan kula da tsofaffi kafin lokacin. Tana zuwa da safe, ta dawo tana warin sabulun asibiti. Ta fara zama cin abinci da ni. Ba ma hira sosai, amma jiya ta ba ni labarin wani tsoho da ke ɓoye haƙoransa na roba a cikin safa, har ta yi dariya kafin ta tuna tana fushi da ni.

Ta rubuta sabuwar takarda, don an riga an fara karɓar takardun zagaye na gaba. Ta ce ta gwada dawo da ta tsohuwar saman bene, ta ƙi dawowa, duk abin da ta rubuta sai ya fito kamar kwaikwayo. Don haka ta rubuta a kanki. Yadda kike cewa “lafiya lau” a waya alhali muryarki ta dushe, da yadda ta koyi gane gajiyarki daga numfashi.

Ban nemi gani ba. Ita ta buga a takarda ta kawo mini bayan la'asar, kwamfutar kuma tana rungume da ita a ƙirji. Ta ce, “Karantawa kawai.” Na ce to. Na zauna a bakin taga na karanta. Gajeru ne jimlolin, wata ma kalma uku ce. Kafin in kai rabi na daina ganin rubutun sosai, sai da na cire gilashi na goge.

A layi na huɗu akwai wani wuri da, a iya abin da aka koya mini, kuskure ne. Yatsana har ya ɗaga da kansa. Amma na tsaya, don yanzu ba ni da tabbacin ko kuskure ne ko haka masu harshen suke faɗa ba. A da ko a mafarki ba na shakka. Na mayar da yatsan, na miƙa mata takardarta.

Ta ce, “Yaya?”

Na ce, “Mamanki ce sak.”

Ta tsaya kamar tana jiran sauran. Da ta ga babu, ta ce, “Shi ke nan?” Na ce shi ke nan. Ta juya ta shiga ɗaki, can na ji ƙarar danna madannin kwamfuta. Ta tura.

Har yanzu layin nan na huɗu yana yi mini ƙaiƙayi. Kada ki gaya mata.

Ki gaishe da Inna da kowa da kowa. Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Ni ne mijinki,
Baban Ummi